Darasi: Idan Wuyan Yaro Ya Karye Daga Sama

Idan mangwaro ya nuna, yara kan bi shi har ƙarshen reshe. Mu ɗauka wani yaro ɗan shekara biyar ya bi yayyensa bayan gari, ya hau bishiya, reshe ya ɓalle, ya faɗo da ka. Bai suma ba, jini bai fito ba. Ya tashi zaune yana kuka, ya tallafe haɓarsa da hannu biyu, ya ƙi juya kai dama ko hagu. In an kira sunansa sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Waɗanda suka taru za su ce Allah ya kiyaye, targaɗe ne, a kai shi gida a gasa masa wuya da ruwan zafi. Wani ma zai miƙa hannu ya ce a bari ya ja wuyan ya koma daidai.

Wannan hannun da aka miƙa, shi ne abu na farko da za a hana. Yaron da ya tallafe kansa haka bayan faɗuwa yana iya kasancewa ya karye a ƙasusuwa biyu na can saman wuya, kuma hannayensa ne kaɗai ke riƙe da abin da ƙashi ya daina riƙewa. A wannan darasi za mu ga yadda aka gina wurin, dalilin da ya sa ya fi rauni a jikin yaro, irin maganin da ake yi ba tare da an tsaga fata ba, da lokacin da tiyata ke zama dole. Yawancinku iyaye ne, wasunku direbobi, wasu malaman makarantar allo ko na boko. Kowannenku na iya zama mutum na farko da zai isa wurin yaron.

Gammo da turke

Ku kai hannu bayan wuyanku, ku sunkuyar da kai. Ƙullutun da kuka ji a gindin wuya shi ne gaɓa ta bakwai. Wuyan ɗan Adam gaɓoɓin ƙashi bakwai ne, an jera su ɗaya kan ɗaya, likitoci suna ƙirga su daga sama, C1 zuwa C7. Kowace gaɓa tana da rami a tsakiya, kuma ta cikin wannan rami ne laka ta bi daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu ko ƙafa ko mafitsara, ta laka yake wucewa. Bahaushe da ya ce wane ba shi da laka, ya san abin da yake faɗi.

Gaɓoɓi biyu na sama ba su yi kama da sauran ba. Ta farko zobe ce kawai, ƙoƙon kai yana zaune a kanta kamar yadda tulu ke zama a kan gammo. Turawa suna kiranta atlas, sun ari sunan daga tatsuniyar mutanen Girka na dā, inda aka ce wani ƙato mai wannan suna yana ɗauke da sama a kafaɗarsa. Mu a nan bari mu kira ta gammo. Gaɓa ta biyu kuwa tana da wani tsini da ya miƙe sama, ya shiga cikin zoben gammon ta gaba. Likitoci suna ce masa haƙori saboda siffarsa, amma aikinsa na turke ne: gammo yana juyawa a kewayensa. Wata jijiya mai kauri ta gitta ta bayan turken kamar igiya, ta manne shi da gaban zoben, don kada ya koma baya ya danne laka.

Idan ka gyaɗa kai ka ce to, yawancin motsin tsakanin ƙoƙon kai da gammo yake. Idan ka girgiza kai ka ce a'a, ko ka yi sallama a ƙarshen salla, kusan rabin juyin tsakanin gammo da turke yake faruwa. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa idan mun zo maganar abin da tiyata ke ci.

Akwai abubuwa biyu kuma da suka sa wurin ya zama mai hatsari. Jijiyar da ke motsa babban tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, daga gaɓa ta uku da ta huɗu da ta biyar take fitowa. Saboda haka idan laka ta yanke sama da nan, numfashi yakan tsaya nan take. Sannan akwai manyan hanyoyin jini biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da suke ratsa ƙananan ramuka a gefen waɗannan gaɓoɓi, suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. A daidai gammo suna yin lanƙwasa kafin su shiga kai.

Wuyan yaro daban yake

Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa. Na babba bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Yaro ƙarami yana ɗauke da babban kai a kan wuyan da naman jikinsa bai yi ƙwari ba, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin suna da saurin miƙewa, fuskokin da gaɓa ke zama kan gaɓa kuma a kwance suke, suna iya zamewa gaba da baya. Idan mota ta tsaya da ƙarfi, ko yaro ya faɗo, kan ne ke yin gaba ya ja wuya. A jikin babba ƙarfin lanƙwasar yakan sauka ƙasa, wajen gaɓa ta biyar da ta shida. A jikin yaron da bai kai shekara takwas ba yakan sauka sama, wajen ta biyu da ta uku. Shi ya sa ƙananan yara suka fi karyewa daga sama. Daga shekara takwas zuwa goma wuya yakan fara ɗaukar siffar na manya.

Kowace uwa ta san maɗiga, wurin nan mai taushi a tsakar kan jariri wanda ke rufewa da kansa. To akwai irinsa a wuya. Tsakanin turke da jikin gaɓa ta biyu akwai wani layi na guringuntsi, wanda ba ya zama ƙashi sai wajen shekara uku zuwa shida. Kafin ya haɗe, nan ne wuri mafi rauni, kuma nan ne turke ke ɓallewa ya karkata gaba. Wannan ita ce karayar da aka fi gani a saman wuyan ƙananan yara. Abin farin ciki shi ne, da yake wurin girma ne mai wadatar jini, yana ɗinkewa da kyau idan an mai da shi mazauninsa aka hana shi motsi.

Akwai wasu iri. Gammo yakan fashe idan nauyi ya sauka a tsakar kai, kamar wanda ya yi tsalle da ka cikin kududdufin da ruwansa bai da zurfi. Wani likitan Ingila, Geoffrey Jefferson, shi ya yi bayanin wannan a 1920, har yau da sunansa ake kiranta. Gaɓa ta biyu takan tsage ta gefe biyu idan kai ya ɓalle baya da ƙarfi. Mafi muni shi ne ƙoƙon kai ya rabu da gammo, jijiyoyin da suka haɗa su su tsinke. Wannan yakan faru ga yaron da mota ta buge, kuma da yawa ba sa kaiwa asibiti.

Wani abu da ke ruɗa iyaye shi ne a ɗauki hoton ƙashi a ga babu karaya, alhali ƙafafun yaro sun ƙi motsi. Dalili kuwa, ƙashin bayan jariri yana iya miƙewa har kusan santimita biyar ya koma kamar roba, amma laka ba ta jure miƙewar da ta wuce rabin santimita da ɗan ɗori. Kube ya miƙe ya dawo, abin da ke ciki ya ji rauni. Likitoci biyu a Amurka, Pang da Wilberger, sun bayyana wannan a 1982, sun kuma lura cewa wasu yaran suna tashi su yi tafiya, sai bayan awanni, wani lokaci har kwana huɗu, rauni ya bayyana. Don haka idan yaro ya ce hannunsa ya yi masa yar-yar ko ƙafarsa ta mutu na ɗan lokaci bayan faɗuwa, a faɗa wa likita, ko da ya warware.

Sa'a ta farko

Wannan sashen shi ne naku, kuma ina roƙon ku karanta shi sau biyu. Idan yaro ya faɗo daga wuri mai tsawo, ko abin hawa ya buge shi, ko ya faɗo daga babur, ko bango ya rufto masa, a ɗauka wuyansa ya karye har sai asibiti ta ce a'a. Alamomin da ke ƙara tabbatar da zargi su ne ciwon wuya ko ƙeya, ƙin juya kai, karkacewar kai gefe guda, sanyin hannu ko ƙafa, fitsari ba da sani ba, da numfashin da ciki kaɗai ke yi ƙirji ba ya motsi.

Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kai, ya riƙe shi da tafin hannu biyu ta gefen kunnuwa, kada ya saki har a isa. Kada a ja, kada a murɗa, kada a girgiza yaro don ya farfaɗo, kada a zaunar da shi a ɗura masa ruwa. In kansa ya karkace kuma yana jin zafi idan an taɓa, a bar shi yadda yake a riƙe. A nemo abu mai faɗi mai ƙarfi, ƙyauren ɗaki ko katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya. A naɗe zane ko tawul a tokare gefen kai biyu.

Ga wani ɗan abu da yake da muhimmanci ga yaro musamman. Da yake ƙeyarsa babba ce, idan aka kwantar da shi a kan katako sai kai ya tura gaba, haɓa ta nufi ƙirji, wato daidai inda karayar turke ba ta so. Wani likitan ƙashin yara a Amurka mai suna Herzenberg, shi da abokan aikinsa, sun nuna haka da hotuna a 1989. Maganin abin mai sauƙi ne: a ninke zane mai kaurin yatsa biyu a shimfiɗa shi ƙarƙashin jikin yaron daga kafaɗu zuwa ƙugu, ban da kai, yadda kunne zai daidaita da kafaɗa. Filo a ƙarƙashin kai kuwa cutarwa yake yi.

Kada a ɗauke shi a babur, kada a goya shi. A nemi motar da za a shimfiɗa shi a ciki. A Nijeriya ana kiran 112 don gaggawa, ko 122 don jami'an kiyaye haɗurra a kan hanya. Babban asibitin da ya fi kusa zai fara duba numfashi da jini, sannan ya tura shi inda ake da likitocin ƙashin baya da na ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a Nijar kuwa babban asibitin ƙasa na Yamai.

Maɗora fa? Mutanenmu sun daɗe suna kai musu karayar hannu da ƙafa, kuma ba a darasin nan za mu yanke wannan hukunci ba. Amma a kan wuya ba ni da shakka ko kaɗan. Ɗori ja ne da murzawa da ɗauri, ga shi kuwa laka tana bayan turke da tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Babu hannun da zai ji abin da ke ciki ta saman fata, komai gadon gidan maɗorin. Maɗorin da ya ga wuya ya ce a tafi asibiti ya cika sana'arsa.

Abin da hoto ke nunawa

Hoton ƙashi na yau da kullum shi ake fara ɗauka, amma karanta na yaro sai wanda ya saba. Layukan guringuntsi suna kama da karaya. A jikin yara da yawa masu lafiya gaɓa ta biyu takan ɗan zame gaba a kan ta uku, ba ciwo ba ne. Tazarar da ke tsakanin turke da gaban gammo ba ta wuce milimita uku a jikin babba, amma a jikin yaro har milimita biyar ba laifi. Idan ana shakka sai a yi siti-sikan, wanda ke nuna ƙashi yanka-yanka. Laka da jijiyoyi kuwa sai hoton maganaɗisu ke nuna su. Hotunan nan suna da tsada, na sani. Amma tambaya ɗaya suke amsawa wadda duk magani ya rataya a kanta: ƙashi ne ya karye, ko igiyoyin da ke ɗaure shi ne suka tsinke? Ƙashin yaro yana ɗinkewa. Jijiyar da ta tsinke a wannan wuri ba kasafai take komawa da ƙarfinta ba.

Magani ba tare da wuƙa ba

Yawancin yaran da suka karye a saman wuya, lakarsu kuma ta tsira, ba sa buƙatar tiyata. Idan karayar ba ta goce ba, abin ɗaure wuya mai tauri na iya wadatarwa. Idan turke ya karkata gaba, likita yakan mai da shi a hankali ta hanyar ɗan ɗaga haɓa da mai da kai baya, yana kallon hoto a allo, sannan a kafe kai da ƙirji wuri guda na wata biyu zuwa uku.

Hanya biyu ake bi. Tsohuwar ita ce siminti, irin wanda ake sa wa karayar hannu, amma wannan yana kama goshi da ƙeya da haɓa ya sauko har ƙirji, a bar fuska da kunnuwa. Ɗayar kuma wani kambu ne na ƙarfe da ake zagaya kai da shi, a kafa shi a ƙoƙon kai da ƙananan ƙusoshi, a haɗa shi da wata riga mai tauri ta sanduna huɗu. Likitoci biyu, Jacquelin Perry da Vernon Nickel, su suka fito da shi a Kalifoniya ta Amurka a 1959, asali don masu shan inna da wuyansu ya kasa ɗaukar kai. Babba ƙusa huɗu ake sa masa. Yaro kuwa, da yake ƙoƙon kansa siriri ne, ana sa masa takwas ko goma, kowacce a ɗaure ta sama-sama, don nauyin ya rarrabu.

Iyaye sukan firgita ranar da suka fara ganin ɗansu cikin kambun nan, har uwa ta kasa kallonsa. Amma bayan 'yan kwanaki yaro yakan saba, ya zauna, ya ci abinci, ya taka. Aikin da ya rage na gida ne: wanke gindin kowace ƙusa kullum yadda ma'aikaciyar jinya ta koyar, duba fatar da ke ƙarƙashin rigar saboda zufa da gyambo, musamman a bazara, da komawa asibiti da zarar ƙusa ta yi sako-sako ko ta fara ruwa. Kada wani a gida ya taɓa notin da ke jikin sandunan.

Ranar da tiyata ta zama dole

Likita yakan kawo maganar tiyata idan ƙoƙon kai ya rabu da gammo, ko igiyar bayan turke ta tsinke, ko ƙashin ya ƙi komawa mazauninsa, ko ya koma ya sake gocewa cikin kambu, ko aka cire kambu aka ga bai haɗe ba, ko wani ɓangaren ƙashi yana danne laka yaro yana ƙara rauni. Akwai kuma wanda aka kawo a makare. Wani lokaci karayar turke da ba a gane ba tun yaro na ƙarami takan bar kan turken yana yawo shi kaɗai, sai bayan shekaru ɗan ƙaramin tuntuɓe ya jawo shanyewar jiki.

A nan akwai gaskiya biyu da ya kamata uba ya ji kafin ya sa hannu a takarda. Mu ce ya tambaya:

"Likita, in an yi aikin, ƙafafun za su tashi?"

Likitan kirki zai ce masa: "Baba, aikin da zan yi na ƙashi ne. Zan ɗauke abin da ya danne laka, in kafe gaɓoɓin don kada su ƙara cutar da ita. In lakar ƙujewa ta yi, muna sa rai sosai, yara suna farfaɗowa fiye da manya. In ta yanke, ba ni da zaren da zai ɗinke ta."

Gaskiya ta biyu ita ce abin da aikin ke ci. Manufar tiyatar ita ce a haɗe gaɓoɓi biyu su zama ƙashi ɗaya har abada. Idan aka haɗe gammo da gaɓa ta biyu, kusan rabin juyin kai ya tafi. Idan aka haɗa har da ƙeya, gyaɗa kai ma zai ragu. Yara sukan rama wani abu daga gaɓoɓin ƙasa, su koyi juyawa da kafaɗa, har wanda bai sani ba ba zai lura ba. Duk da haka asara ce ta tsawon rai, shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya gaggawar zuwa gare ta, kuma yana ƙoƙarin haɗe gaɓoɓi kaɗan iya yadda zai yiwu.

Yadda ake aikin

An daɗe ana ganin wurin nan ya fi ƙarfin magani. Wata tsohuwar takardar likitancin Masar, wadda aka kwafe wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ta kwatanta mutumin da wuyansa ya goce, hannu da ƙafa suka mutu, fitsari na zuba, ta sa shi cikin cututtukan da ba a yi wa magani. Sauyin gaske bai zo ba sai ƙarni na 20. A 1939 William Gallie na Toronto a Kanada ya bayyana yadda ake ɗaure bayan gammo da bayan gaɓa ta biyu da waya, a cusa ɗan guntun ƙashi a tsakani. Brooks da Jenkins suka kyautata hanyar a 1978. Waya tana hana sunkuyawa amma ba ta hana juyi sosai, don haka sai an ƙara da kambu bayan aiki. A 1987 Friedrich Magerl na Suwizalan ya wallafa hanyar ratsa gaɓoɓin biyu da doguwar ƙusa mai murɗi a kowane gefe. Sai Atul Goel, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Mumbai na Indiya, shi da Laheri, suka nuna a 1994 cewa ana iya sa wa kowace gaɓa ƙusarta daban a haɗa su da ɗan faranti. Harms da Melcher na Jamus suka mai da farantin sanda a 2001. Wannan hanya ta ƙarshe ita aka fi bi yanzu, har a jikin yara ƙanana idan ƙashinsu ya isa ɗaukar ƙusa. Inda bai isa ba, har yau waya na da amfani.

Ranar aiki, hatsarin farko tun kafin wuƙa yake. Sai an sa wa yaro bututun numfashi ba tare da an ɗaga haɓarsa ba, sannan a kifa shi rubda ciki kai a kafe. A asibitocin da ke da kayan, ana manna wayoyi a kai da hannu da ƙafa, na'ura tana auna ko saƙo na wucewa ta laka, in ya ragu likita ya tsaya. Ana tsaga fata a tsakiyar bayan wuya daga ƙeya zuwa ƙasa, a buɗe nama gefe da gefe. A jikin yaro likita yana kiyaye kada ya tone gaɓar da ba ya nufin haɗewa, domin ƙashin yaro yana da zumuɗin girma, da an kankare shi sai ya manne da maƙwabcinsa.

Sai sa ƙusoshi. Kaurin kowacce kamar milimita uku da rabi ne, hanyar da za ta bi a cikin ƙashin kuma wani lokaci da kaɗan ta fi haka faɗi. Ta ciki laka, ta waje hanyar jinin nan da muka ambata. Shi ya sa likita yake zama da hoton siti-sikan tun kafin ranar, yana auna kowane gefe da milimita, don a jikin wasu mutane hanyar jinin takan hau sama fiye da yadda aka saba ta cinye wurin ƙusa. Idan haka ne sai a canza hanya a bi ta bayan gaɓar. Bayan ƙusoshi sun zauna, a mai da gaɓoɓin daidai, a haɗa su da sanduna biyu na ƙarfen taitaniyom. In har da ƙeya ne, a ɗora faranti a ƙashin ƙeya inda ya fi kauri, wato tsakiya.

Ƙarfen nan ba shi ne maganin ba. Kamar katakon da magini ke tokara rufi da shi ne kafin siminti ya kama. Abin da zai riƙe yaro har tsufansa shi ne ƙashin da zai tsiro. Don haka ana yanko ɗan guntu daga haƙarƙarinsa ko bayan ƙugunsa, a kankare bayan gaɓoɓin har su ɗan yi jini, a kwantar da guntun a kai. Cikin wata uku zuwa shida sai su zama abu ɗaya. Haƙarƙarin yaro yakan sake tsirowa a inda aka yanka. Akwai kuma wata hanya ta gaban wuya, inda ake soka ƙusa ɗaya ta tsakiyar turken da ya karye, juyin kai ya tsira, amma ta fi dacewa da matasa da manya waɗanda turkensu ya gama girma.

Aikin yana da hatsarinsa: zubar jini, raunin hanyar jinin ƙwaƙwalwa, yoyon ruwan da ke kewaye da laka, ƙwayoyin cuta a miki, ko ƙashi ya ƙi haɗewa. Hakkin iyaye ne su tambayi kowanne ɗaya, su kuma tambayi likita ko ya saba yin irin wannan aiki a jikin yara. Tambayar ba raini ba ce.

Bayan aiki

Yaron da lakarsa ta tsira yakan tashi zaune cikin kwana ɗaya ko biyu, ya koma gida da abin ɗaure wuya na wasu makonni. Zai koma makaranta. Kokawa da alkafura da tsalle cikin ruwa da ɗaukar tulu ko talla a ka sai likita ya ba da izini, wasu kuma ya haƙura da su ke nan. Ana ci gaba da ɗaukar hoto lokaci-lokaci har ya gama girma, don a ga yadda wuyan ke miƙewa a kewayen ƙarfen. Ba a cika cire ƙarfen ba sai in ya kawo matsala.

Wanda lakarsa ta ji rauni, tafiyarsa doguwa ce, kuma nauyinta a kan uwa yake faɗawa, abin da bai kamata maza su zura ido su bari ba. Sai an juya shi kowane awa biyu, dare da rana, don gyambon kwanciya. Sai an koyi fitar masa da fitsari da tsabta, an kula da bayan gida, an motsa masa kowace gaɓa kullum don kada ta sandare, an riƙa kai shi sashen gashin ƙashi. Abin da zai dawo na motsi yawanci cikin watannin farko yake fara nunawa, amma yara sukan ci gaba da samun sauƙi har bayan shekara. Gyambo da ciwon mafitsara da ciwon huhu su ne ke kashe irin waɗannan yara bayan sun tsallake hatsarin kansa, kuma duka ukun hannun gida na iya tare su.

Tambayoyi

1. Wace gaɓa muka kira gammo, wace kuma ke da turke? Wane motsi ne ke faruwa a tsakaninsu?
2. Kawo dalilai uku da suka sa yaro ɗan shekara huɗu ya fi karyewa a saman wuya fiye da mahaifinsa.
3. Me ya sa ake shimfiɗa zane a ƙarƙashin kafaɗun yaro maimakon a sa masa filo?
4. An ɗauki hoton ƙashi ba a ga karaya ba, amma yaro ya ce ƙafarsa ta mutu na ɗan lokaci. Me za ka ce wa iyayensa?
5. Mene ne aikin ƙarfe a tiyatar wuya, mene ne kuma aikin guntun ƙashin da ake yankowa daga haƙarƙari?

Aikin aji

Ku kasu huɗu-huɗu, maza daban mata daban. Ku cika buhu da tsummoki ya kai tsawon yaro ɗan shekara biyar, ku ɗaura masa ƙwarya a matsayin kai. Ɗaya ya riƙe kan, shi ne kuma zai riƙa ƙirgawa, ba wanda zai motsa sai ya ce uku. Biyu su mirgina jikin, na huɗu ya tura benci ko katako da ninkakken zane a kansa. Ku ɗauka ku kai bakin ƙofa ku dawo. In ƙwaryar ta karkata ko sau ɗaya, ku sauke ku sake daga farko, sannan ku canza mai riƙe kai har kowa ya yi.